Yawon Ƙafa A Bebeji, Garin Da Tata Ta Raini Maraya

A hutun makaranta da ya wuce sunan jikar wata gwaggona ya kai ni Bebeji, ni da 'ya'yana biyu. Da yake mun yi sammako, mun isa tun ba a ɗora tukunya ba. Ganin yaran sun fara rigimar wayar hannu, sai Gwaggo ta yafa mayafinta ta ce, "Taso 'yar nan, mu zaga da su gari, su san inda kakanninsu suka fito." Ni da nake koyar da tarihin Musulunci a Islamiyya, sai ga shi a ranar na koma ɗaliba.

Mun fara da inda dattawa ke nuna cewa nan ganuwa ta bi. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano. A 1826 wani Baturen Birtaniya mai yawon ƙasashe, Kilafaton, ya yada zango a nan, ya kuma rubuta cewa babban gari ne mai ganuwa wanda 'yan kasuwa suka cika. A farkon Fabrairun 1903 kuwa, lokacin da sojojin Turawa suka taso daga Zariya don cin Kano, Sarki Alu yana Sakkwato, Bebeji ce ta fara rufe masu ƙofa. Suka harba igwa suka fasa ƙofar, sarkin garin da mutane da dama suka rasa rayukansu. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗa hannunsu. Babban ɗana ya yi shiru, can ya ce, "Umma, ashe a nan aka fara?" Na ce masa a nan ne, muka yi wa mamatan addu'a muka wuce.

Daga nan muka bi lungu zuwa tsohon masallacin da ake kira Masallacin Haɓe. Sunan kansa yana nuni da zamanin sarakunan da suka yi mulki kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, kuma hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta sa shi cikin jerin wuraren tarihin Nijeriya. Daga waje muka tsaya. Na tambayi yaran, goshi nawa ne ya taɓa ƙasa a wurin nan kafin a haife mu? Ba wanda ya san adadinsu sai Allah da suka yi wa sujada.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba gini ba ne. Muna hutawa a gindin wata bishiya Gwaggo ta tambayi yaran ko sun san Ɗangote. Suka amsa baki ɗaya. Ta ce, "To, kun san Tata?" Sai kallon juna.

A garin nan aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi birnin Akra na ƙasar Gana ta yanzu. Riƙonsa sai ya koma hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata, har mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata. Yaron ya girma ya bi sawun iyayensa a fataucin goro, da jirgin ƙasa ya iso Kano kuma ya shiga cinikin gyaɗa, kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Ɗansa Alhaji Aminu ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote kuwa tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Ku duba ikon Allah, 'yan'uwa. Uba madugu ne, uwa mai dukiya ce, amma sunan da ya bi gidan nan fiye da shekara ɗari na matar da ba ta haifi yaron ba ne, ba ta kuma mallaki ko kanta ba. Ranar da take ba shi tuwo, ba ta san wanda zai zama ba. A nan ne jikina ya yi sanyi, domin kuwa mu nawa ne muke da ɗan riƙo ko ɗan kishiya a gida, namu na makaranta shi yana talla, namu na kan katifa shi yana kan tabarma? Alhali mun sani Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai riƙon maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna.

Shawarata ga iyaye mata ita ce, idan hidima ta kai ki garinku, ki ware awa biyu ki zaga da yara a ƙafa. A cikin mota ba abin da za su gani sai kwalta. Ku fita da sanyin safiya, da izinin maigida, ku riƙi ruwan sha, ku gaida dattawan da kuka tarar, kada ku shiga wuri sai an ba ku dama. Sama da komai, ku tafi da tsohuwa, don labarin da ke bakinta ba a allon makaranta yake ba, kuma ranar da ta kwanta dama ya tafi ke nan. Kudancin Kano ba a rasa abin gani: ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga dajin Falgore, ga Riruwai ta Doguwa da ta shahara da kuza tun kafin zuwan Turawa.

Da muka koma gidan suna, ƙaramar 'yata ta ɗebi nama daga kwanonta ta miƙa wa yarinyar da ke wanke-wanke a tsakar gida. Ban ce mata komai ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.