Jirgin Da Aka Hana Faɗin Nutsewarsa

Jama'a, mu dai masu son littattafan ƙagaggun labaru ne, musamman waɗanda ake ginawa bisa jiragen ruwan da suka nutse a zamanin yaƙin Hitila. Amma akwai abin da ya daɗe yana damunmu da su. Kusan kullum marubucin yakan sa akwatin zinariya ko wata takardar asiri a cikin jirgin, sa'an nan ya aika jarumi ya nutsa ya ɗauko. Mu kuwa muna ganin asirin da hukumomi suka fi ɓoyewa a teku shi ne yawan mamata.

Ku dubi Lancastria. Ran 17 ga Yuni, 1940, Faransa na gab da faɗuwa, wannan jirgi na Ingila yana tsaye kusa da Saint-Nazaire yana kwasar sojoji da farar hula. An gina shi don mutum wajen 2,200, amma aka umarci kyaftin, Rudolph Sharp, ya ɗebi iyakar abin da zai iya. Aka yi ta cusa mutane har aka daina ƙirga. Da la'asar jiragen saman Jamus suka sakar masa bom, cikin minti kamar 20 ya kife. Mai ya malale bisa ruwa, masu iyo suna haɗiya. Mutum 2,477 suka tsira. Na ƙasa fa? Wasu sun ce 3,000, wasu sun ce sun kusa ninka haka.

Mista Churchill ya hana jaridu bugawa, gama a ganinsa mugun labari ya ishi mutane a ranar. Ba mu ce ba shi da hujja ba, yaƙi ake yi. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, daga baya ya rubuta cewa ya manta bai ɗage hanin ba. Mantuwa! Uwaye kuwa suna bakin ƙofa suna jiran wasiƙa, har sai da jaridun Amurka suka fasa ƙwan a ƙarshen Yuli.

Shi Sharp ya tsira a ranar. Aka ba shi wani jirgi, Laconia. Ran 12 ga Satumba, 1942, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe shi a tekun da ke yamma da Afirka, ɗauke da fursunonin Italiya wajen 1,800. Wannan karon kyaftin bai fito ba.