Daga Garhanga zuwa gidan wasan laka na Samaru

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ne ya dame ni da zancen wani gidan wasan kwaikwayo, har na ɗaura niyya. Na bar Garhanga da asuba, duwatsun Adar ba su gama fitowa daga duhu ba. Buza, Madawa, sai kwana a Maradi. Washegari muka tsallaka iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, na canza sefa zuwa naira, muka ratsa Katsina da Funtuwa. La'asar sakaliya mota ta ajiye ni Samaru, inda jami'ar take, ƙafafuna sun kumbura.

Na zaci zan ga dogon bene mai fitilu. Da safe yaron ya kai ni, ya tsaya, ya yi nuni.

"Kawu, mun fa iso."

"Kai ɗan nan, wannan ai gidan kakanka ne!"

Katanga ce ta ƙasa, da zagayayyun ɗakuna irin na ƙauye, sun kewaye fili a tsakiya. A nan ake wasan. Ɗalibai na kiran wurin Drama Village. An gina shi a tsakiyar shekarun 1970, shekara goma da 'yan kai bayan kafa jami'ar a 1962. Wani Ba'amurke mai koyar da zanen gini a nan a wancan lokacin, Steven Ehrlich, ya zana shi, a zamanin da Michael Etherton ke koyar da wasan kwaikwayo. Amma duk mai ido ya san hannun maginan Hausa ne ya cuɗa wannan ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman. Ba a ɗora ɗan wasa can sama 'yan kallo na ƙasa kamar masu jiran hukunci ba. Na tarar ana gwaji: wata ɗaliba ta fito daga ɗaki guda tana masifa, mijin wasan ya ɓullo ta bayana, har na matsa masa. Haka muke kallon tashe da wasan kara a dandali, kowa na iya tsoma baki. Daga nan ne kuma ɗalibai suka riƙa ɗaukar wasa zuwa ƙauyukan manoma.

Na tuna Yama, can gida jihar Tawa, inda Falke Barmu ya soma masallacinsa na ƙasa a 1962, har ya ci lambar Aga Khan a 1986. Mu kuwa, da zarar ɗan cirani ya samo kuɗi a Abijan, siminti da kwano yake fara saye. Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda bai taɓa yaɓe kafin damina ba shi ke yabon laka da baki kawai.

Na shafa bangon, na ji wani wuri ya ɗan tsage. Na tambayi yaron wa ke yi musu yaɓe. Ya yi dariya, ya ce shi lissafi yake karanta, mu je mu ci masa tun ba ta ƙare ba.