Ma'aikaciyar da ba ta da kirari

Harshen Hausa ya yi wa kayan cikin mutum rabon aiki. Zuciya ta samu fushi da jarumta, ciki ya samu fari da baƙi, hanta kuwa ita ke kaɗawa idan tsoro ya zo. Amma ƙoda, ban taɓa jin an yi mata kirari ba. Har na kai shekara arba'in ban san ta ba sai a teburin mai tsire, inda ake yanka ta a barbaɗa mata yaji.

Ciwon yayana ne ya haɗa ni da ita. Ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ƙaƙƙarfa, wanda bai taɓa kwana asibiti ba. Wata bazara ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika, abinci ya fita ransa. Da muka je wajen likita, ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya sake ɗaurawa, sannan ya ce: "Alhaji, tun yaushe kake da hawan jini?" Yaya ya ce: "Ni ban san ina da shi ba." Awon jini da na fitsari suka nuna ƙodojinsa sun kusa tsayawa.

Ni malamin makaranta ne, jahilcina ya ba ni kunya, don haka na shiga bincike. Ƙoda biyu ce, a bayan ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kowace kamar dunƙulen hannu. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa gare su yake zuwa. Cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda masana ke kira nefron. Kowace matata tana farawa da ƙullin ƴan siraran jijiyoyi mai aiki kamar rariya: ruwa da gishiri da sukari da datti su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. Abin da ke wucewa a yini ya kai lita 180, wato bido tara masu cin lita 20.

Da duk wannan ruwa zai fita, da mutum bai kai azahar ba. Sai dai bayan rariyar akwai wani siririn bututu mai lanƙwasa, inda ƙoda ke tsince abin amfani ta mayar wa jini: sukari duka, da mafi yawan gishiri da ruwa. Abin da ya rage, kimanin lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Mai azumi cikin zafin Afirilu ya san wannan aiki ko bai san sunansa ba. Idan ƙishirwa ta tsananta, ƙwaƙwalwa kan aika wa ƙoda saƙo ta riƙe ruwa, sai fitsari ya ragu ya yi ja.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne alaƙarta da hawan jini. Idan ƙoda ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, takan saki wani sinadari mai suna renin, wanda Robert Tigerstedt da Per Bergman suka gano a ƙasar Suwidin a 1898. Shi ke tayar da wasu sinadarai su matse jijiyoyi, su sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, sai ƙarfin jini ya hau. Dabara ce ta ceton rai ga wanda ya zubar da jini. Amma hawan jini mai daɗewa yana lalata rariyar, lalatacciyar ƙoda kuma tana ƙara hawan jini. Haka suka riƙa cin juna cikin jikin Yaya shekara da shekaru, ba zafi ba zazzaɓi.

Aka tura mu Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, don wankin ƙoda. Na'urar jikanyar wadda Willem Kolff ya ƙera ce a Holan a 1943. Sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, nakan zauna ina kallon jinin ɗan'uwana yana fita ta roba yana dawowa. Injin da ya kai tsayin mutum yana fama da aikin da tsoka biyu suka yi masa kyauta shekara hamsin. Ya sayar da shago, ya sayar da fili. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu a gidana gishiri da dunƙulen miya da ma'auni ake sa su, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi. Na bar sayen ƙwayar ciwon jiki wajen masu talla. Kowace shekara kuma nakan zana wa ɗalibaina bido tara a allo, in ba su aikin gida guda: kowa ya raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa a auna musu jini. Awon bai kai minti biyar ba. Da Yaya ya samu mai raka shi, wataƙila da yau shi ke ba da wannan labari.