Idan Kare Ya Yi Gigin Tsufa

A Ingila kare yana tsufa. Yakan kai shekarun da gashin bakinsa zai yi furfura, idonsa ya yi hazo, kunnensa ya yi nauyi, ƙafafun baya su riƙa rawa in ya tashi. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar a 2022 ya nuna cewa matsakaicin rayuwar kare a Birtaniya ya ɗan haura shekara 11, kuma ƙananan karnuka irin su Jack Russell sukan kusa 13. A can gida kuwa, tsakanin kaska da tsutsar ciki da mota da hauren gadu a dawa, kaɗan ne cikin karnukan farauta da na gadi suke kaiwa ga furfura. Shi ya sa akwai wata larura da likitocin dabbobi a nan Ingila suke gani kullum, mu kuma ba mu cika saninta ba: gigin tsufa a jikin kare.

Gidajen unguwarmu a jere suke, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabciyata, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗan ƙaramin kare da ya haura shekara 14. Da farko ƙarar farcensa nake ji a kan daɓen katako cikin dare, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har asuba. Daga baya ta fara buga mini ƙofa in taimaka mata, don yakan kutsa bayan kujera ya maƙale, ya tsaya yana kuka, alhali taku biyu da baya ya ishe shi fita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake jiran a buɗe masa ƙofar kicin. A gidan ya girma, amma sai ya je ya kafa hancinsa a gefen da ƙyauren yake manne da bango. A buɗe ƙofar, hanya ga ta nan a gefensa, shi kuwa yana nan tsaye yana jira.

Likitoci sun daɗe da gano abin da ke faruwa a cikin kan irin wannan kare. Ƙwaƙwalwarsa tana motsewa, kuma wani sinadari da ake kira beta-amyloid yana taruwa a cikinta, shi ne dai wanda ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun ruwaito a 2001 cewa kashi 28 cikin 100 na karnuka masu shekara 11 zuwa 12 suna nuna aƙalla alama ɗaya ta wannan larura, a masu shekara 15 zuwa 16 kuwa adadin ya kai kashi 68. Wani babban bincike na Amurka a 2022, a kan karnuka fiye da 15,000, ya gano cewa karnukan da ba sa motsa jiki sun ninka masu kazar-kazar fiye da sau shida wajen yiwuwar samun su da larurar. Alamomin sanannu ne: ɓacewa a cikin gida, daina gane mutanen gida, barci da rana da yawo da dare, fitsari da kashi inda bai saba ba, ƙura wa bango ido, da fargaba marar dalili.

Likitan karen maƙwabciyata bai yi saurin yanke hukunci ba. Sai da aka ɗebi jini da fitsari, aka duba ido da kunne da gaɓoɓi, domin ciwon gwiwa ko na ƙoda ko kurumta kaɗai na iya sa tsohon kare ya kwana yana zagaye. Bayan an kawar da waɗannan ne aka sa shi a kan selegiline, maganin da asalinsa na masu cutar Parkinson ne, ana ba shi da safe, kuma sai an yi makonni kafin a ga ko ya karɓe shi. Akwai wani kuma, propentofylline, da ake bayarwa don ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa. Aka sauya masa abinci zuwa mai ɗauke da wani nau'in mai da ake tacewa daga kwakwa da alayyadi, saboda tsohuwar ƙwaƙwalwa ba ta iya cin moriyar sukari yadda ya kamata, wannan man kuwa yana ba ta wani makamashin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke warkarwa, kuma likitan bai ɓoye mata ba. Jinkirta abin kawai suke yi.

Fargabar ce ta fi wahalar da su biyun. A watan Disamba rana takan faɗi a nan kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma da duhu ya fara shiga sai karen ya soma haki, yana bin ta ɗaki-ɗaki, jikinsa na ɓari. In ta shiga wanka, kuka. Daren 5 ga Nuwamba, da ake harba tartsatsin wuta a duk faɗin ƙasar don tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisa a 1605, sai da likita ya ba shi maganin kwantar da hankali tun kafin magariba. Ta sayi wata riga mai matse ƙirji, ta sayi wani abu mai suna Adaptil da ake jonawa a soket, yana fitar da sinadari irin wanda karya mai shayarwa take fitarwa don 'ya'yanta su natsu. Wasu karnukan suna samun sauƙi da su, wasu ba sa samu.

A ganina, abin da ya fi yi masa amfani ba a saye shi da kuɗi ba. Ta daina matsar da kujeru. Kwanon ruwansa yana wuri ɗaya kullum. Ta shimfiɗa darduma a inda daɓe ke da santsi, ta toshe lungunan da yake maƙalewa, ta bar ƙaramar fitila a kunne duk dare. Lokacin abinci ɗaya, lokacin fita ɗaya, hanya ɗaya, kuma ta bar shi ya shinshina kowane gindin bishiya son ransa, don ta hanci yake gane duniya yanzu da ido da kunne suka gaza. In ya yi fitsari a falo ba ta tsawata masa, sai ta goge. Ba haɗa mutum da dabba nake yi ba, Allah ya kiyaye, amma duk wanda ya taɓa jinyar tsoho mai gigin tsufa a gidajenmu ya san wannan tsarin ba tare da an koya masa ba: ba a sauya masa ɗaki, ba a musu da shi, ba a barinsa shi kaɗai da almuru.

Ga wanda ba shi da hali akwai inda zai dosa. Ƙungiyar PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a 1917 a unguwar talakawa ta Whitechapel a Landan, har yau tana duba dabbobin marasa ƙarfi kyauta ko da rangwame. Cinnamon Trust kuma tana tura 'yan sa-kai su fita da karnukan tsofaffin da ƙafa ta gaza musu. Doka ma ta shigo ciki, domin dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin kare ta daga ciwo da wahala. Ƙarshen lamarin kuwa galibi a hannun likita yake: kusan tara cikin goma na karnukan da asibitocin dabbobi suka rubuta mutuwarsu a Birtaniya, allura aka yi musu don a hutar da su. Maƙwabciyata tana da kalanda a kicin, kowace rana tana sa alama, ta daɗi ko ta wuya. Ta ce ranar da na wuya suka rinjayi na daɗi za ta kira likita. Wannan hukunci ne mai nauyi, kuma na ga nauyinsa a fuskarta.

Na ba kawuna labarin nan ta waya, shi da ya yi ƙuruciyarsa yana farauta da karnuka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kare in ya daina gane mai shi, yana yawo da dare yana kuka, ai ba a kwana da shi a gida. Akwai yara."

Na ce, "Kawu, ko da tsufa ne kawai?"

Ya ce, "Wa zai tsaya ya tantance?"

Mai saurin hukunci zai ce Bature ya fi mu tausayin dabba. Ban yarda ba. Mun tashi muna jin hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona. Na ga maharbin da ya ɗauko karensa a kafaɗa daga dawa saboda rauni. Gaskiya ne ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma wanda ƙarfinsa ya ƙare akan mayar da shi gefe, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Abin da Kawu yake tsoro yana da suna, ciwon haukan kare, kuma yana da hujjar tsoronsa. Cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Alamunta na farko a jikin kare kuwa, wato sauyin hali da ruɗewa da yawo da baƙon kuka, suna kama da na gigin tsufa.

Birtaniya ta kawar da wannan cuta daga karnukanta tun 1922. Maƙwabciyata tana iya durƙusawa cikin dare ta sa hannu ta jawo ruɗaɗɗen kare daga bayan kujera, fuskarta dab da bakinsa, ba tare da tunanin komai ba, domin ko ya cije ta, rauni ne kawai. Haƙurin nan nata da nake yabawa yana zaune ne a kan aikin da hukumomin ƙasarta suka gama tun kafin a haife ta. Uwa a ƙauyen Kawu ba ta da wannan sararin, kuma ba zan ce mata ta kasada da 'ya'yanta ba.

Sai dai ana iya tantancewa, kuma ya kamata maharba da makiyaya da masu gadi su san yadda ake yi. Haukan kare gaggawa gare shi: daga bayyanar alamu zuwa mutuwa yawanci bai wuce kwana 10 ba, sau da yawa tare da dalalar miyau, kasa haɗiya, cizon duk abin da ya gani, ko shanyewar jiki. Gigin tsufa kuwa a hankali yake zuwa, wata da watanni, a jikin karen da kowa ya san ya tsufa, yana ci yana sha. Karen da aka yi shakkarsa a killace shi inda ba zai kai ga kowa ba, a miƙa masa ruwa da abinci daga nesa, a kira malamin dabbobi. In ya riga ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru da karen.

Allurar riga-kafin ma ba daga nesa take ba. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, tana cikin masu samar da ita, kuma asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya suna yin ta. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura a kai a kai, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Maharbin da yake kai karensa duk shekara yana ajiye katin, ranar da karen ya tsufa ya fara tsayawa yana kallon bango, yana da abin da zai nuna wa maƙwabta da mai unguwa kafin matasa su ɗauko sanduna.