Man Gyaɗar Kaka da Takardar Likita

A ƙauyenmu da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, kakata ce ke matse man gidanmu. Ta soya gyaɗa, a niƙa, ta yi ta murza tunkuza har mai ya taso, ragowar ta zama ƙuliƙuli. Kwalba guda sai ta kai mu kasuwa biyu. Tuwon dawa ne da miyar kuka da daddawa, ranar fura a dama da nono, da damina a yi kwaɗon zogale ko rama. Nama kuwa sai Sallah ko suna. Man shanu ɗan ɗigo ake yi a tsakiyar malmala, na maigida da baƙo.

Babu wanda ya san kalmar kolestarol, wato kitsen jini, a lokacin. Mai teɓa shi ne wanda Allah ya yi wa hutu, kuma idan ɓarin jikin mutum ya shanye sai a ce iska ce ta buge shi.

Da na raka kawuna asibiti a Kano bayan ƙirjinsa ya fara nauyi, an ce ya kwana bai ci komai ba kafin a ɗebi jini. Takardar ta fito da lambobi huɗu. Likita ya ce jimillar kitsen jini ana so ta tsaya ƙasa da 200. LDL, wanda ke laƙewa a bangon jijiya har ya toshe ta, gara ya sauka ƙasa da 100. HDL mai kwashe shi zuwa hanta ana so ya haura 40 ga namiji, 50 ga mace. Na huɗun, tiragilisaraid, kada ya kai 150, kuma sukari da lemon kwalba na ɗaga shi. Kawu siriri ne amma hakan bai hana shi ciwon ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Wani bincike da aka buga a 2001 kan Fulani makiyaya na Filato ya samu kitsen jininsu lafiya lau duk da man shanun da suke ci, mutanen da ke wuni a ƙafa bayan garke. Mu ma haka muke da can: noma da fartanya, daka a turmi, tafiyar ƙasa zuwa kasuwa. Yanzu babur ya ɗauke tafiya, inji ya ɗauke daka, kaskon mai awara kuma mansa na jiya ne ake ƙara wa na yau har ya yi baƙi.

Kawu ya koma wake da zogale da kifin madatsar Challawa, yana shan maganinsa, bayan la'asar kuma yana takawa gona da ƙafa.