Ranar da Kyamara ta Zaɓi Rago

Shekara uku ke nan da Shugaban Makaranta ya danƙa mini aikin ɗaukar hotunan wannan littafi namu na ƙarshen shekara. Yawancinku kun sha ganina a filin wasa da ɗakin taro, kyamara rataye a wuya, har na ji wasu suna kirana "Malam mai hoto" a bayan idona. To, bana ina so in ba ku labarin wani hoto guda ɗaya, wanda saura kaɗan ya sa ni jin kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara koyarwa.

Akwai wani ɗalibinmu ɗan aji shida da ya fito daga Araba, wani gari a Ƙaramar Hukumar Illela, gab da iyakar Nijeriya da Nijar. In ka wuce nan sai Birnin Ƙonni. Kakansa ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ne kuma yake biya masa kuɗin makaranta da kiwon tumaki. Yanzu ƙafa ta yi wa tsohon nauyi, ba zai iya zuwa Sakkwato ranar bikin sallama ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne a ɗauke shi hoto tare da jikansa cikin kayan makaranta, domin ban da na katin zaɓe ba shi da wani hoto a duniya. Na ɗauki alkawari.

A hutun Kirsimetin da ya wuce na shiga mota daga Sakkwato, muka bi ta Kware da Gwadabawa, tafiyar sama da kilomita 80. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe ko'ina. Na tarar da tsohon ya sha farar riga, yana zaune a kan tabarma jikin katangar ƙasa, ga wani ƙosasshen rago ɗaure a turke ɗan gaba da shi. Ya ce, "Malam, kun zo lahiya? Wanga ragon shi na kuɗin jarrabawa." Wato shi za a sayar a biya wa yaron kuɗin WAEC.

Na ɗaga kyamara na danna maɓalli rabi, yadda aka saba don ta saita kanta. Sai gilashin gaba ya dinga kai da kawowa, zuu, zuu, ya ƙi tsayawa. Can dai ta yi ƙara, na ɗauka. Na ɗauki kamar goma, na duba ɗan allon da yake bayan kyamarar cikin hasken rana, na ga kamar sun yi kyau. Muka yi sallama.

Kash! Da na sa su a kwamfuta, sai na ga fuskar tsohon da ta jikansa sun yi dishi-dishi kamar an shafa musu ruwa. Ragon kuwa ya fito tangaran, har kana iya ƙirga gashin wuyansa da zaren igiyarsa. Duk goman haka suke.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa yake yi: na ɗora wa kyamara laifi. Na kai ta wurin wani mai gyara, ya ce sai an aika da ita Kano, kuɗin da ya faɗa kuwa ya fi ƙarfin asusun ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto. Ina cikin wannan damuwa sai abokin aikina malamin kimiyya ya ce, "Malam, me muke gaya wa yara a ɗakin gwaji? A canza abu ɗaya, a duba, kafin a taɓa na biyu." Muka zauna da ɗan littafin da ya zo tare da kyamarar, wanda shekara uku ban buɗe ba.

Ga abin da muka fahimta. A da, mai hoto shi yake murza zoben gilashi da hannunsa har hoto ya fito. A shekarar 1985 kamfanin Minolta na Japan ya fitar da Minolta 7000, daga nan ne manyan kyamarori masu saita kansu suka bazu a duniya. Irin tamu, wadda ake kira DSLR, tana da madubi a karkace a cikinta, mai tura haske sama zuwa 'yar tagar da ake leƙawa. Tsakiyar madubin yana barin wani hasken ya wuce zuwa wani ƙaramin madubi a bayansa, shi kuma ya tura shi ƙasa wurin wata 'yar na'urar awo. Na'urar tana kwatanta hasken da ya shigo ta gefe biyu na gilashin, kamar yadda idanunmu biyu suke auna nisa, sai ta san inda za ta matsar da gilashin. Amma dole ta sami wani layi inda duhu ya haɗu da haske. Farar riga, da katanga marar zane, da hazon hunturu ba su ba ta abin kamawa ba. Shi ya sa ta yi ta kai da kawowa a Araba.

Sai muka shiga gwaji ɗaya bayan ɗaya. Na farko, muka cire gilashin, muka goge 'yan ƙarafan da suke haɗa shi da jikin kyamara da busasshen ƙyalle mai laushi, muka kore ƙura da 'yar robar hura iska. Ba a hurawa da baki, ba a kuma taɓa madubin da yatsa. Na biyu, muka manna jarida a bango, muka ajiye kyamara a kan tebur don kada ta motsa. Muka ɗauka sau ɗaya ta tagar leƙawa, sau ɗaya kuma ta allon baya, domin in ana amfani da allon baya madubin yana ɗagewa, kyamara ta yi awo ta wata hanyar dabam. Da na allon ne kawai ya fito, da mun san na'urar awon ta goce, sai mai gyara. Amma duka biyun suka fito fes. Na uku, muka jingina rula a karkace muka saita a kan lamba 15, don mu ga ko tana kama gaba ko baya da inda aka nuna mata. Lamba 15 ta kama daidai.

Ashe kyamara lafiyarta ƙalau. A gwaji na huɗu asiri ya tonu. A cikin tagar leƙawa akwai ɗigo 11, kowanne yana iya auna nisa. Ana iya zaɓar mata ɗigo ɗaya, ana kuma iya barinta ta zaɓa da kanta. Wani cikin 'yan ƙungiyarmu ya mai da ita kan zaɓin kanta ranar wasannin motsa jiki, ni kuwa ban duba ba. In an bar mata zaɓi, yawanci abin da ya fi kusa ya kuma fi fitowa fili take kamawa. Ita ba ta san kaka ba, ba ta san jika ba. Rago mai baƙin kai da farin jiki ne ya fi kusa, shi ta zaɓa.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa ban gani ba tun a can? Abokina ya miƙo mini jaridar ya ce in karanta ƙananan rubutun. Sai na ga ina ta nesanta ta da fuskata. Ya yi dariya ya ce, "Malam, arba'in ta zo." Haka ne, in mutum ya haura shekara 40 ganin abin da yake kusa yakan fara yi masa wuya. Ɗan allon nan ban gan shi da kyau ba, kuma girman kai ya hana ni danna maɓallin da yake faɗaɗa hoto. Yanzu kun san dalilin tabarau ɗin da kuka ga na fara sawa a zango na biyu.

Kwana uku kafin a koma makaranta na sake shiga motar Illela da kuɗin aljihuna, gabana yana faɗuwa, domin na ji tsohon ya kwanta rashin lafiya. Allah ya sa na same shi ya ɗan warware. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, aikin farko bai yi ba, laifina ne." Muka zaunar da shi a inuwar dogon yaro. Na zaɓi ɗigon tsakiya, na ɗora shi a kan idonsa, na danna rabi har ta kama, na gyara tsayuwar hoton, sannan na ƙarasa dannawa. Na sa tabarau, na faɗaɗa hoton, na ga har furfurar girarsa.

Don ya ga dalilin dawowata, na nuna masa ɗaya daga cikin na farko da na wanko. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wanga ma bar min shi. Ragon mun kai shi kasuwar Illela ran Lahadi." Turken yana nan babu komai, an kuma biya kuɗin jarrabawa.

Hoton na biyu yana cikin wannan littafi, a shafin 'yan aji shida. Ku da kuke fita bana, za ku riƙe injuna da suka fi wannan wayo. In sun ba ku matsala, kada ku yi saurin yanke musu hukunci. Ku gwada abu ɗaya bayan ɗaya, ku sa kanku cikin abubuwan da za a gwada, kuma abin da ya fi muhimmanci a gare ku kada ku bar wa inji ya zaɓa muku. Ku kuma 'yan ƙungiyar hoto, in kun ari kyamara ku mai da ita yadda kuka same ta. Allah ya ba ku sa'a.