Kawuna Mai Yasar Magudana

Na ɗauki shekaru ina yi wa abokaina na makaranta ƙarya game da sana'ar kawuna. Duk wanda ya tambaye ni aikinsa a mahaƙar gawayin ƙasa ta Anu Araren, sai in ce direban babbar mota ne, irin wadda tayarta ta fi mutum tsawo. Gaskiyar magana kuwa, shebur da baro su ne kayan aikinsa. Shi da abokan aikinsa ke yashe magudanan ruwa, a ƙasar da takan yi wata tara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. A ganina na ƙuruciya, babu aikin da ya kai wannan zama abin dariya.

Anu Araren tana kusa da Cirozerin, arewa da Agadas, a gefen duwatsun Ayar. A shekarar 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar gawayin wurin, wanda a Nijeriya ake kira kwal. Ana ƙona shi a tashar lantarki da ke nan kusa, wutar kuma ta tafi mahaƙun uraniyom na Arlit da birnin Agadas. Buɗaɗɗen rami ne: a kwashe ƙasa da duwatsun da ke bisa, a tara su tsibi-tsibi a gefe, sannan a kai ga baƙin dutsen da ake nema.

Wani babban hutu, wanda a wurinmu yakan faɗo cikin damina, aka aika ni wajensa. Ran nan da yamma muna zaune na kasa haƙuri, na ce, "Kawu, don Allah mene ne amfanin share hanyar ruwa inda babu ruwa?" Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, ruwan ƙasar nan ba ya sallama." Sa'an nan ya yi mini lissafi da tsinke a ƙasa. Ruwan milimita 20 idan ya sauka a kan eka guda ta Faransa, wato hekta, ya kai lita 200,000, ganga dubu ke nan. Ƙasar Ayar kuwa dutse ce da tsandauri, ba ta shan ruwa sai kaɗan. Abin da ya sauka cikin awa ɗaya, kusan dukkansa gangarowa yake yi.

Daga nan ya rarrabe mini ruwa iri biyu. Akwai mai tsabta, wanda ke gangarowa daga tudu bai taɓa gawayi ba. Shi ana tare shi da jinga, a karkatar da shi ta magudana, ya kewaye rami ya koma ƙoramarsa. Akwai kuma wanda ya wanke tsibin ƙasa da tarin gawayi, ko ya taru a gindin rami har sai an zuƙe shi da famfo. Wannan ba a sakinsa kai tsaye. Ana bi da shi ta magudanar da aka jera wa duwatsu a gicciye domin a karya gudunsa, har ya shiga tafkin da zai tsaya. Ƙa'idar farko, in ji shi, ita ce kada a bar ruwan nan biyu su haɗu, domin in sun haɗu duka sun zama mai datti.

Da ya ga ban gamsu ba, sai ya ɗebi ƙasar magudana ya zuba a kwalba, ya cika ta da ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Yashi ya kwanta nan take. Laka mai laushi ta ɗauki awowi. Washegari ruwan sama-sama bai gama washewa ba, saboda yumɓu. Ya ce ruwa mai gudu ɗauka yake yi, mai tsayuwa kuwa ajiyewa, don haka duk aikinsu bai wuce tilasta wa ruwa ya dakata ba. Amma tafkin da laka ta cike ba shi da wurin tsayar da kome, shi ya sa ake yashe shi tun da rani. Ya ƙara da cewa a jikin gawayi akan sami wani ma'adini mai ƙibiritu, wanda in ya haɗu da iska da ruwa sai ruwan ya yi tsami, ya bar jan tsatsa a inda ya bi, sai an zuba masa farar ƙasa kafin ya lafa. Ya yi murmushi ya ce, "Ka ga ashe da gaske ne, ruwa ba ya tsami banza."

Cikin watan Agusta aka yi ruwan. Da dare ya sauka, bai kai awa biyu ba. Da asuba na bi kawu zuwa bakin shinge, na ga magudanar da nake rainawa cike da ruwa baƙi ƙirin, yana tafe yana cin karo da duwatsun da aka jera. Kawu bai tsaya kallonsa ba. Ya nuna mini can gangare, inda ƙorama ta bi ta tsakanin garake, masu lambu suna noman albasa da tumatir da ruwan rijiyoyin da ke gefenta. Ya ce da wannan baƙin ruwa ya isa can da kayansa, da ya binne fangali, ya gurɓata rijiya, mutanen kuma ba su taɓa sanin sunansa ba balle su gode masa da bai isa ba.

A watan Satumba na 2009, lokacin da ƙoramar Telwa ta yi ambaliya ta rusa gidaje a Agadas, maganarsa ce ta fara faɗo mini a rai. Yanzu kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban kuwa taɓa gaya masa ƙaryar da na yi a kansa ba. Abin da ya rage mini shi ne, duk shekara kafin hadarin farko, nakan ɗauki shebur in yashe lambatun ƙofar gidanmu, in kwashe leda da yashi. Wani lokaci yaran unguwa sukan tsaya suna kallona suna dariya, ni kuwa na san abin da suke tunani.